Gayyar Wata a Gonar Iya Hansai

Tun da na dawo kun hana ni sakat. In na zauna shan shayi, Sabi'u me ka gani a ƙauye. In na fito masallaci, Sabi'u an ce ka jiƙa wando. Har Nafi'u da bai taɓa wuce gidan man bakin gari ba ya samu abin cewa. To ga shi nan na rubuta a guruf ɗinmu na waya gaba ɗaya, kowa ya karanta da datarshi. Maganar wando kuma ƙarya ce, raɓa ce.

Inna ce ta tura ni. Iya Hansai ƙanwar kakarmu ce, tana zaune wata 'yar unguwa can bayan Wurma, ƙasar Kurfi. Mijinta Malam Audu ya rasu da damina, bayan ya gama shuka wake a gonarshi ta jigawa. 'Ya'yanta duk mata ne, suna gidajen aure nesa, ita kuma tana takaba, ba ta fita. Saƙo ya zo cewa waken ya bushe a gona, kuma mai unguwa da ardon makiyaya sun tsaida ranar Lahadi za a saki shanu su shiga gonakin jigawa su yi kiwo. Abin da ba a kwashe ba kafin ranar ya zama na shanu, ba ƙara ba shari'a. Waken nan kuwa shi ne abincin Iya na shekara. Inna ta duba gidanmu kaf ta ga ba wanda ya kai ni zaman banza. Na ce mata ina da shago, mutane na kawo caji. Ta ce wayoyin ba za su mutu da yunwa ba.

Ranar Alhamis na shiga motar Katsina. Mu huɗu a baya, ni a tsakiyar wani mai ƙiba da wata mata mai kaji uku a kwando. Tun daga tasha zakaran ya kafe ni da ido kamar ya san abin da zan je in aikata. Na sauka Kurfi ƙafata ɗaya ta mutu, na ja ta har wurin 'yan acaɓa. Wanda ya ɗauke ni bai san birki ba, ko kuma sun yi faɗa. Muka bar kwalta muka shiga burji, muka bar burji muka shiga yashi. Ko'ina ka duba dammunan gero ne, a kan amalanke, a kan jaki, a kan mutum. Ba wanda ke tafiya hannu sake sai ni, da jaka a baya da abin sauraren waƙa a kunne.

Ku da ke cewa ban taɓa ƙetare boda ba, na ƙetare. Bayan Wurma kaɗan an gicciye hanya da gungumen icce, 'yan sintiri uku na zaune gindin marke da bindigogin gargajiya. Na zaro tsohon katina na makaranta, wanda na baro tun aji uku, na miƙa da yanga. Babbansu ya riƙe shi a kife, ya duba, ya maido mani. Ya ce shi bai tambayi kati ba, jikan wa ne ni. Ɗayan yana ta kallon askina, ya tambayi mai mashin ko wanzamin ne ya rasu bai ƙarasa ba. Da na ce wurin Iya Hansai za ni, sai dariyar ta tsaya. Suka yi mani ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya. Babban ya ɗaga kai ya dubi sama, ga rana tsaka, ya ce, "Halan wata ya kawo ka." Ban gane ba, na ce eh. Suka janye iccen.

Iya na ganina daga ƙofar ɗakinta ta ce, "Na kirkin ya tahi, ga maras amfanin an aiko mani." Na ce ai gara ni, ko ba komai ina da haƙora. Ta yi dariya kaɗan, ta share ido da bakin mayafi. Ta rame ƙwarai.

A zauren marigayin aka sauke ni. Buzunshi na nan a shimfiɗe, fartanyarshi a jingine, hularshi a rataye jikin ƙusa, takalminshi na taya a bakin ƙofa kamar yanzu ya cire. Na juya takalmin suka kalli bango, don ni ba na son takalmi na kallona. Abinci kuwa ba laifi. Tuwon gero miyar kuka, daddawa ta ji, ga man shanu na gaske, ba irin wanda ake cuta mana a kasuwa ba. Sabis ɗin waya kuwa babu, sai ka hau wani suri bayan gari ka ɗaga hannu kamar mai rantsuwa. Gaisuwa kuma aiki ce. Mu nan "ya ne" ta wadatar, su can sai an tambaye ka gajiya, da gida, da Inna, da ruwan bana, da mutanen Dutsin-Ma gaba ɗaya, kamar ni ke riƙe da su.

Da la'asar Iya ta zaunar da ni ta faɗa mani yadda abin yake. Ta ce da rana kowa na gonarshi, ba mai lokacin wani. Amma idan watan kaka ya kai sha uku, sha huɗu, sha biyar, ana yin abin da suke kira gayyar wata. Ana yin ta ne don gonar wanda ya mutu ya bar shuka, ko wanda ciwo ya kwantar. Ba a shela, ba a aike, mutane kawai ke fitowa bayan isha'i su yi roron waken a farin wata. Ta ce dama waken ya fi son haka, raɓa na tausasa shi, ba ya fashewa a hannu.

Sai ta rage murya. Ta ce a gonar ba a magana, ba a sallama, ba a duban fuskar na kusa, ba a kunna wuta ko ta ashana. Gari ya waye kuma ba wanda ya je. Ko ka tambayi mutum zai ce yana gida yana barci. Na ce to don me. Ta ce don kada mai gona ya san wanda zai riƙa sunkuyar wa da kai har ya mutu. Sannan ta ƙara da cewa tsofaffi kuma na faɗin ba mutanen gari kaɗai ke zuwa ba, kuma waɗancan ba su son haske. Na ce Iya ke ma kina kallon fim ashe. Ba ta yi dariya ba.

Mu a Dutsin-Ma ba mu duban wata sai za a kama azumi, ko an ɗauke wuta. Can na ga wata. Rana na faɗuwa, ana kiran magariba, shi kuma ya riga ya tsaya bayan kukoki, ƙato, kamar wanda ya zo karɓar aiki. Iya ta ce haka na kaka yake, ba ya bari duhu ya shiga tsakani. Kafin isha'i ya yi fari fat, har kana ganin tururuwa a ƙasa.

Bayan sallah na ji sawu na wucewa ta bayan zaure. Na ɗauki buhu na bi su. Mutane ne a jere, kowa ya lulluɓe kai da mayafi, ba mai ce wa wani uffan. Mutanen da suka kusa kashe ni da gaisuwa da rana, yanzu sun wuce ni kamar kututture. Muka isa gona, kowa ya kama kunya ɗaya ya duƙa. Busasshen wake fari yake yi a farin wata, ba sai ka lalube ba. Ba ka jin komai sai ƙas, ƙas, ƙas, da gyare.

Kun san ni, ba na iya minti goma baki rufe. Ga baya ya fara ciwo. Sai na kusa da ni ya yi tari. Tarin nan na san shi. Malam Audu in ya zo kasuwar Dutsin-Ma gidanmu yake sauka, kuma tun daga zaure muke gane shi da tarin, sau biyu gajere, na uku da ja. Na saci kallo ta gefen ido. Dogo ne, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, yadda marigayin yake. Ya sake tarin. Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba. Na zaro waya na dalle shi da tocila.

Fuskar Malam Audu ce. Gemun, tsagen, idon, komai. Na ƙwala salati, na kira sunanshi da ƙarfi.

Ba wanda ya gudu. Da sun gudu da ya fi mani sauƙi. Mutumin ya ɗaga hannu ya kare fuskarshi. Sauran suka miƙe a hankali, kowa ya aje buhunshi inda yake, suka juya suka tafi, wani gabas wani yamma, ba magana. Kafin in kashe tocilar gonar ta zama ni kaɗai da wata. Ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a yi ba.

Gudun da na yi zuwa gida, da ana ba da kofi da na kawo muku. Na tarar da Iya zaune tsakar gida, kamar ta riga ta sani. Na ce mata na ga mijinta. Ta dube ni ta ce, "Iro ka haska."

Malam Iro ƙanin marigayin ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ba su magana saboda rikicin iyakar gonar nan. Ya taɓa rantsuwa gaban mutane cewa ƙafarshi ba za ta sake taka ta ba. Ko ranar jana'iza a sahun baya ya tsaya. Iya ta ce ita ba ta san zai je ba, kuma bai kamata ta sani ba. Yanzu na sa ta sani, na sa kowa ya gani. Ta ce gayyar da aka haska ta mutu, ba a komawa wannan gona a shekarar. Ba ta zage ni ba. Ta ce in je in kwanta. Na kwana zaune, hular marigayin na rataye saman kaina.

Ranar Juma'a na ce ni zan yi da kaina. Na fita da hantsi. Waken ya bushe ƙarau, kana taɓa shi ya fashe, ƙwayar ta watse cikin yashi. Zuwa azahar abin da na tara bai cika rabin buhu ba, wanda na zubar ya fi shi. A masallaci ba wanda ya harare ni. Gaishe ni suka yi da ladabi, har da tambayar ko na yi barci lafiya. Wallahi gara mari.

Na nemi gidan Malam Iro na same shi yana gyaran amalanke. Da rana ma kamarshi da marigayin ta ɓaci, sai dai shi ya fi baƙi. Na durƙusa na ce Baba na zo ba da haƙuri kan abin da ya faru daren jiya.

Ya ce, "Wane dare?"

Na ce a gona.

Ya ce, "Ni tun isha'i na kwanta. Yaro, tuwo ka ci da yawa." Ya ci gaba da buga ƙusa.

Daren nan shi ne sha huɗu, wanda aka fi ji da shi. Muka zauna tsakar gida ni da Iya muna saurare. Ba sawu ko ɗaya. Haske ya cika gidan har kana ganin zaren tabarma. Can ta ce ba komai, in ta fita takaba sai ta tattara ta koma wurin babbar ɗiyarta, ta zauna gidan suruki. Ta ce shekararta hamsin a gidan nan ba ta taɓa cin tuwon da ba daga rumbunta ya fito ba, amma mutum na koyo. Ta faɗe shi kamar tana maganar wata mata daban.

Asabar da safe na je wurin mai unguwa na roƙe shi ya ɗaga ranar. Ya ce shanu sun riga sun matso, magana ce aka ƙulla da ardo tun kafin girbi, in ya warware ta bana, baɗi makiyayan ma za su warware tasu, kuma ni ba ni nan lokacin. Na ce to ya sa a koma gayyar. Ya ce wace gayya, shi bai san an yi wata gayya ba.

Da aka yi isha'i na miƙa wa Iya wayata. Ta karɓa ta jefa cikin tukunyar daddawa ta rufe, har yau in na kara a kunne miya nake ji. Na ce mata zan je, ko buhu ɗaya ne in samo. Ta ce in dai zan je, to in duƙa, kada in ɗago, kome na ji.

Gonar da nisa in kai kaɗai ne. Watan ya ɗan makara, ya fito ja, sannan ya washe. Na kama kunyar farko na ba shi baya. Ina roro ina karanta duk surorin da na iya, su huɗu ne, in na kai ƙarshe in sake daga farko. Raɓa ta sauka, waken ya yi laushi, hannuna ya fara sabawa. Na yi kamar awa biyu. Na duba abin da ya rage ta ƙasan ido, na san ko kwana bakwai aka ba ni ba zan gama ba.

Sai na ji ƙas a bayana.

Na ce ɓera ne. Na ji wani ƙas ɗin ta hagu. Sai wani ta dama. Tunda wata na bayana, inuwata na gabana a kwance. Ina kallo wata inuwa ta zo ta kwanta kusa da tawa, a duƙe, hannu na aiki. Sai wata. Ban ji tahowarsu ba, kuma yashi ne da busasshen ganye, ko akuya ta taka sai ka ji. Na fara ƙirga inuwar, na kai tara, na ce Sabi'u wannan ma ai kallo ne, na maida ido kan waken.

Ba tari, ba nishi, ba gyaran murya. Mutum in ya duƙa awa guda dole ya yi nishi, ni dai nawa kaɗai nake ji. Gyare ma sun yi shiru. Akwai wani ƙamshi kamar na hayaƙin da ya daɗe a jikin tufa. Wuyana na ta ƙaiƙayi in waiga. Abin da ya riƙe ni, na san in na ɗago, ko mutane ne ko ba mutane ba, tafiya za su yi, kuma gobe Lahadi. Buhuna ya cika, ina tunanin yadda zan yi, sai aka janye shi ta baya aka aje mani wani. Hannun ya goga nawa. Sanyi ƙalau. Na sani, duk wanda ya yi roro cikin raɓa hannunshi sanyi ne, nawa ma haka yake. Na faɗa wa kaina haka har sau ashirin.

Haka muka yi ta tafiya, kunya bayan kunya. Inuwar ta gajarce ta shige ƙarƙashinmu, sannan ta koma baya, ban ƙara ganin komai ba sai ƙasa. Ban san lokacin da ƙarar ta tsaya ba. Kiran assalatu na ji daga gari, siriri. Na bari har ladan ya gama, sannan na ɗago.

Ba kowa. Gonar ta zama fili. Ga buhunhuna a jere gindin wata ƙirya, an ɗaure bakinsu, waken da bai samu buhu ba an tara shi tsibi. Harawar ma an naɗe ta an ɗora kan icce inda shanu ba za su kai ba. Na zauna kan buhu har gari ya yi haske. A nan na ga sawun. Da yawa, duk ba takalmi, sun fito sarai a yashi mai raɓa. Gari na kudu. Sawun arewa suka yi.

Ina tsaye ina kallonsu na ji ƙarar amalanke. Malam Iro ne da shanunshi biyu, rana ta fito, kowa na iya ganinshi. Ya ce hanya ce ta biyo da shi. Ya shigo gonar da ƙafarshi, muka loda buhunan. Da muka gama ya karyo reshen sabara ya bi sawun yana sharewa, har bakin iyaka. Na tambaye shi me ke arewa. Ya ce kufai ne, tsohon garinsu inda kakanninsu suka zauna, ba kowa can sai kukoki da kaburbura. Ya ƙara da cewa gaba da kufan kuma akwai rugar makiyaya.

Na ce, "To Baba, su wa suka zo?"

Ya ce, "Ka ga wani?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To hau mu tahi."

Har ƙofar gida ya kai kayan. Ya tsaya daga zaure ya yi sallama, ya yi wa Iya gaisuwar da bai yi ba tun rasuwar. Ta amsa daga ciki. Da ya tafi ta fito ta zura hannu cikin buhu, ta damƙo waken ta daɗe tana murzawa. Ta ce da ni ashe dai za a iya ajiye ni a gida, ko don korar kaji. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban faɗa ba. Da la'asar na hau surin nan na hango shanu na kwarara cikin jigawa, fari fat, ba iyaka.

Litinin na kamo hanya. Iya ta ɗaura mani ƙullin wake a bayan mashin, ta ce in kai wa Inna. Ni dai ban iya cin shi ba har yau, ban san hannun da ya tsinko shi ba. Inna ta ce kada a yi asara, ta jiƙa rabi ta yi alala. Ita ce na kawo muku majalisa shekaranjiya a kula mai ruwan ɗorawa. Nafi'u, kai ka ci huɗu.